Tambayoyi da Amsoshi a Kan Kalmomin Ingilishi na Ƙwace Haƙƙin Zaɓe da Raba Mutum da Mulki

Duk wanda ya saba karanta jaridun Ingilishi a lokacin zaɓe, ko yake aikin fassara labarai zuwa Hausa, ya san akwai wasu kalmomi da ba sa ƙarewa a bakin 'yan siyasa da lauyoyi. Sau da yawa mukan tattara su gaba ɗaya mu ce "an hana" ko "an tsige", alhali kowace ɗaya tana faɗin wanda ya yi aikin, da wanda aka yi wa, da hanyar da aka bi. Idan aka rasa wannan bambanci a fassara, mai sauraro ba zai gane ko doka ce ta cuci mutum ko kuwa karya doka aka yi aka cuce shi ba.

Wace kalma ce ta Ingilishi take nufin a ƙwace wa mutum haƙƙinsa na kaɗa ƙuri'a?

Kalmar ita ce *disenfranchise*, sunan aikin kuma *disenfranchisement*. Wanda aka yi wa haka ana cewa *disenfranchised* ne. Ainihin ma'anarta ita ce a raba mutum ko wani rukunin jama'a da haƙƙin zaɓe, musamman ta hanyar doka ko wani tsari na hukuma. A Hausa abin da ya fi kusa da ita shi ne "tauye haƙƙin zaɓe" ko "haramta wa mutum kaɗa ƙuri'a". Kishiyarta ita ce *enfranchise*, wato a ba mutum wannan haƙƙi, idan kuma an taɓa ƙwace shi aka mayar masa, akan ce *re-enfranchise*.

Daga ina kalmar ta samo asali?

Tushenta shi ne *franchise*, wadda Ingilishi ya aro daga tsohon Faransanci, inda *franc* yake nufin ɗa, wato wanda ba bawa ba. A da, *franchise* na nufin 'yanci ko wata alfarma da sarki yake ba wani gari ko wata ƙungiyar masu sana'a, daga baya ma'anar ta taƙaitu a kan haƙƙin zaɓen wakilai. Wannan tarihi yana da amfani ga mai jin Hausa, domin mu ma kalmar "'yanci" daga "'ya'ya" ta fito, jam'in "ɗa", kishiyar bawa. Saboda haka wanda ya ce an yi masa *disenfranchise*, a can ƙarƙashin maganarsa yana cewa ne an sauke shi daga matsayin ɗa a ƙasarsa.

Akwai wata ma'ana ta *franchise* da ba ta shafi zaɓe ba, wato izinin da babban kamfani yake ba ɗan kasuwa ya buɗe reshe da sunansa. Asalinsu ɗaya ne, amma mahallin magana ne yake raba su.

Akwai bambanci tsakanin *disfranchise* da *disenfranchise*?

Babu bambanci a ma'ana. *Disfranchise* ce ta girme, kuma ana yawan ganinta a tsofaffin dokoki da littattafan tarihi, amma a yau *disenfranchise* ce ta fi yawo a jaridu da bakin mutane.

Ita kuma *suffrage* mece ce, tana da alaƙa da *suffer*, wato shan wahala?

Ba su da alaƙa ta ma'ana, kama ce kawai ta haruffa. *Suffrage* ta fito daga kalmar Latin *suffragium*, wadda take nufin ƙuri'a, kuma ma'anarta a yau haƙƙin zaɓe ne, daidai da *franchise*. Idan aka ce *universal adult suffrage*, ana nufin kowane baligi yana da ƙuri'a, ba tare da duba jinsinsa ko dukiyarsa ko launin fatarsa ba. Daga gare ta aka samo *suffragette*, sunan da wata jaridar Ingila ta laƙaba a 1906 wa matan da suke fafutikar neman ƙuri'a ƙarƙashin jagorancin Emmeline Pankhurst. An yi shi ne don raini, sai matan suka karɓe shi suka mayar da shi kirari. A 1918 aka ba matan Birtaniya masu shekara 30 zuwa sama ƙuri'a bisa sharaɗin dukiya, sai a 1928 aka daidaita su da maza a kan shekara 21.

Me ya sa *disenfranchisement* take da nauyi ƙwarai a bakin baƙaƙen fatar Amurka?

Domin a can ne aka nuna wa duniya yadda ake ƙwace ƙuri'a ba tare da an rubuta a takarda cewa an ƙwace ta ba. Bayan yaƙin basasar Amurka, gyaran tsarin mulki na 15 da aka tabbatar a 1870 ya haramta hana mutum zaɓe saboda launin fatarsa ko don ya taɓa zama bawa. Jihohin kudu ba su iya soke wannan gyara ba, sai suka zagaye shi. Jihar Misisifi ta rubuta sabon tsarin mulki a 1890 wanda ya ɗora sharuɗɗa biyu, sauran jihohin kuma suka bi sawu, kuma kowane sharaɗi yana da sunansa a Ingilishi.

Na farko shi ne *poll tax*, harajin da dole mutum ya biya kafin ya yi zaɓe, wanda ya fi ƙarfin talakan da bai daɗe da fita daga bauta ba. Na biyu shi ne *literacy test*, jarrabawar karatu da fassara wani sashe na tsarin mulki, kuma jami'in rajista, wanda farar fata ne, shi kaɗai yake yanke hukuncin wanda ya ci da wanda ya faɗi. Da aka ga waɗannan sharuɗɗa za su kama talakawan farar fata su ma, sai aka ƙirƙiro *grandfather clause*, wato sharaɗin kaka: a jihar Luwiziyana a 1898 aka ce duk wanda ubansa ko kakansa yake da ƙuri'a kafin 1867 an yafe masa jarrabawar. Kakan baƙar fata kuwa yawanci bawa ne a wancan lokaci, don haka kusan babu wanda ya tsira ta wannan ƙofa. Sakamakon ya fito fili a alƙaluma: baƙaƙen fata masu rajista a Luwiziyana sun haura 130,000 a 1896, amma zuwa 1904 ba su kai 1,400 ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a wannan tarihi shi ne babu ɗaya daga cikin dokokin da ta ambaci launin fata. Kowace tana sanye da rigar adalci, kuma an shafe fiye da shekara 70 kafin a tuɓe mata ita. Kotun ƙoli ta soke sharaɗin kaka a 1915, gyaran tsarin mulki na 24 ya hana harajin zaɓe a zaɓukan tarayya a 1964, sannan bayan dukan da 'yan sanda suka yi wa masu tattaki a garin Salma na jihar Alabama a watan Maris na 1965, Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar haƙƙin zaɓe a watan Agusta na wannan shekara. Har yau *grandfather clause* tana nan a Ingilishin kasuwanci da ma'anar a ƙyale tsofaffi su ci gaba da bin tsohuwar ƙa'ida, kuma da yawa daga masu faɗinta ba su san inda ta fito ba.

Shin wannan kalma ta taɓa shafar ƙasar Hausa kai tsaye?

Ƙwarai kuwa. Lokacin da tsarin mulkin Gwamna Clifford na 1922 ya fara kawo zaɓe Nijeriya, kujeru huɗu ne kacal, uku a Legas ɗaya a Kalaba, kuma namiji mai samun fam 100 a shekara ne kawai yake da ƙuri'a. Arewa ba ta cikin lissafin ma gaba ɗaya. A zaɓen tarayya na 1959, wanda ya kai ƙasar ga samun mulkin kai, matan kudu sun kaɗa ƙuri'a amma matan Jihar Arewa ba su da ita. Hajiya Gambo Sawaba ta jam'iyyar NEPU ta sha ɗauri da duka a kan wannan batu da makamantansa, kuma sai a 1976, lokacin gyaran ƙananan hukumomi, aka buɗe wa matan Arewa ƙofa, suka shiga babban zaɓe na farko a 1979. Wannan na nufin akwai tsofaffin mata da suke raye a Kano da Zariya da Sakkwato waɗanda suka yi aure suka haihu a lokacin da doka ba ta ƙidaya su cikin masu zaɓe ba.

A Nijar hanyar ta bambanta, domin dokar da Faransa ta yi a 1956 wa ƙasashen da take mulka ta ba maza da mata ƙuri'a baki ɗaya. Wato Bahaushiyar Maraɗi ta riga 'yar'uwarta ta Katsina samun wannan haƙƙi a takarda da shekara 20.

A nan akwai wata 'yar muhawara ta harshe. Wasu suna cewa ba a ƙwace abin da ba a taɓa bayarwa ba, don haka wanda bai taɓa samun ƙuri'a ba *unenfranchised* ya kamata a kira shi. Masu rubutu kaɗan ne suke kiyaye wannan, kuma ni ina tare da masu rinjaye, domin haƙƙin yana nan tun kafin hukuma ta amince da shi.

Mene ne bambancinta da *voter suppression*?

*Disenfranchisement* a tsantsar ma'anarta tana cire sunan mutum daga cikin masu haƙƙi. *Voter suppression* kuwa tana barin haƙƙin a takarda, amma ta tare hanyar amfani da shi, don haka "daƙile masu zaɓe" ko "danne masu zaɓe" ya fi dacewa da ita. Misalanta su ne a rage rumfunan zaɓe a unguwar da ake zaton ba za ta zaɓi wani ba, ko a kai kayan zaɓe bayan la'asar, ko a wahalar da mutane wajen karɓar katin zaɓe har su gaji su bari. Idan barazana ce da makami ko 'yan daba, wannan *voter intimidation* ne, wato tsoratar da masu zaɓe. Idan goge sunaye aka yi daga kundin rajista da sunan tsaftace shi, ana cewa *voter purge*. Maguɗi kuma, wato canza sakamako ko cusa ƙuri'un bogi, shi ne *rigging*, kuma shi yana lalata ƙuri'ar da aka riga aka kaɗa ne.

A aikace 'yan jarida sukan ce an yi *disenfranchise* ɗin mutanen wata mazaɓa idan ba a kai musu kayan zaɓe ba, kuma ba kuskure ba ne, domin sakamakon ɗaya ne. Amma mai fassara ya kamata ya tambayi kansa ko doka ce ta hana su ko kuwa aikin wani ne, kafin ya zaɓi kalmar Hausa.

Wanda ya ƙi fita zaɓe don kansa, shi ma *disenfranchised* ne?

A'a. Wannan shi ne *voter apathy*, wato halin ko-in-kula, wanda kuma ya ƙaurace da gangan don nuna fushi ya yi *boycott*. Sai dai raba su a zahiri yana da wuya. A zaɓen shugaban ƙasa na Nijeriya na 2023 mutum fiye da miliyan 93 ne suke da rajista, amma waɗanda suka kaɗa ƙuri'a kimanin miliyan 25 ne. A cikin ratar da ke tsakani akwai wanda ya yanke ƙauna ya zauna a gida, akwai wanda rashin tsaro ya raba da garinsu, akwai kuma wanda ya je ya tarar babu sunansa. Kiransu duka da kalma ɗaya zalunci ne ga wasunsu.

Ya kamata a lura kuma cewa *disenfranchised* ta faɗaɗa a Ingilishin yau, har akan ce *disenfranchised youth* ana nufin matasan da suke jin ba a damawa da su, ko da katin zaɓe yana aljihunsu. Wasu kuma suna ruɗa ta da *disenchanted* ko *disillusioned*, waɗanda suke nufin wanda ya dawo daga rakiyar wani abu, kuma wannan kuskure ne.

Fursunoni fa?

Kalmar da ake amfani da ita a Amurka ita ce *felony disenfranchisement*, wato rasa ƙuri'a saboda an sami mutum da babban laifi. Kowace jiha da dokarta: a Men da Bamont fursuna yana zaɓe daga cikin kurkuku, a wasu jihohi kuma haramcin yana bin mutum har bayan ya gama zaman gidan yari. A 2018 mutanen Fulorida suka kaɗa ƙuri'ar mayar wa kimanin mutum miliyan 1.4 haƙƙinsu, daga baya majalisar jihar ta ɗora sharaɗin sai sun biya tarar da kotu take bin su. A Turai, kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta yanke hukunci a 2005 cewa haramcin bai ɗaya da Birtaniya ta ɗora wa duk fursunoni ya saɓa wa yarjejeniyar nahiyar.

Me ake nufi da *gerrymandering*?

Shi ne shata iyakokin mazaɓu ta yadda wata jam'iyya za ta ci riba, ko dai a tara 'yan adawa a mazaɓa ɗaya su ci kujera guda kawai, ko a yayyanka su cikin mazaɓu da yawa su zama marasa rinjaye a ko'ina. Sunan ya fito ne daga Elbridge Gerry, gwamnan jihar Masacusets, wanda a 1812 ya sa hannu a wata taswirar mazaɓu da ɗaya daga cikinsu ta yi kama da *salamander*, wata halitta mai siffar ƙadangare, sai aka haɗa sunayen biyu. A nan ba a hana kowa zaɓe ba, darajar ƙuri'arsa aka rage.

Idan ɗan takara ko jam'iyya aka hana, ba mai zaɓe ba, wace kalma ake amfani da ita?

Ɗan takarar da bai cika sharaɗi ba ana yi masa *disqualify*, wato a haramta masa tsayawa, amma ƙuri'arsa ta kansa tana nan. Jam'iyya kuwa *deregister* ake yi mata, wato soke rajista, kamar yadda hukumar INEC ta yi wa jam'iyyu 74 a watan Fabrairu na 2020. Soke zaɓe baki ɗaya shi ne *annul*, kuma babu ɗan Nijeriyar da ya kai shekarun tunawa da zai ji kalmar bai tuna da zaɓen 12 ga Yuni na 1993 ba, wanda gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta soke. Idan kotu ce ta rushe zaɓe bayan shari'a, an fi cewa *nullify*.

Shin *impeach* daidai take da "tsigewa"?

Wannan ita ce kalmar da ta fi jawo kuskure a fassarar labarai. A Amurka *impeach* tuhuma ce kawai: majalisar wakilai ce take yin ta da rinjaye mai sauƙi, sannan majalisar dattawa ta zauna kamar kotu, kuma sai kashi biyu cikin uku sun amince kafin a sauke shugaba. An yi *impeach* ɗin Andrew Johnson a 1868, da Bill Clinton a 1998, da Donald Trump har sau biyu, a 2019 da 2021, amma babu ɗaya daga cikinsu da majalisar dattawa ta sauke. Richard Nixon kuwa murabus ya yi a 1974 kafin a kai ga tuhumar. Saboda haka duk wanda ya fassara labarin 2019 da cewa "an tsige Trump" ya ba mai sauraro labarin abin da bai faru ba. Daidai shi ne "majalisar wakilai ta tuhume shi da nufin tsigewa".

A Ingilishin Nijeriya kalmar ta ɗauki ma'anar saukewa gaba ɗaya, shi ya sa "tsigewa" ta dace da ita a nan. Gwamna na farko da aka yi wa haka shi ne Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa na tsohuwar jihar Kaduna, ɗan jam'iyyar PRP, wanda majalisar da jam'iyyar NPN ke da rinjaye a cikinta ta tsige a watan Yuni na 1981. A ƙarƙashin sashe na 188 na tsarin mulkin 1999, sai kashi ɗaya cikin uku na 'yan majalisar jiha sun sa hannu a takardar zargi, kashi biyu cikin uku su amince a bincika, babban alƙalin jiha ya naɗa kwamitin mutum bakwai, sannan kashi biyu cikin uku su karɓi rahoton. Tsallake waɗannan matakai ne ya sa kotu ta rushe tsigewar Rashidi Ladoja na jihar Oyo a 2006.

Ita kuma *recall*?

Ita ce "kiranye", inda masu zaɓe da kansu suke janye wakilinsu kafin wa'adinsa ya cika. Sashe na 69 na tsarin mulkin Nijeriya ya ce sai fiye da rabin masu rajista a mazaɓar sun sa hannu a takardar koke, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama. Sharaɗin yana da tsauri ƙwarai, kamar yadda yunƙurin kiranyen Sanata Dino Melaye na Kogi ya nuna a 2018, inda ya rushe tun a matakin tantance sa hannu.

Waɗanne kalmomi ake amfani da su ga sarakuna da shugabannin da aka kawar?

Ga sarki ana cewa *depose* ko *dethrone*, a Hausa kuma "tuɓewa" ko "tuɓe rawani", kamar yadda aka yi wa Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuƙi a 1996 da Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na II a watan Maris na 2020. Korar sarki daga ƙasarsa bayan tuɓewa ita ce *banish*, mayar da shi kan gado kuma *reinstate*. Idan sarki ne ya sauka da kansa ana cewa ya yi *abdicate*, wato murabus, kamar Sarki Edward na VIII na Ingila a 1936. Sai dai ba kowane murabus ne na ganin dama ba, shi ya sa ake rubuta *forced to abdicate* game da Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na I, wanda ya sauka a 1963 aka kai shi Azare.

Ga gwamnati kuwa, *overthrow* da *topple* su ne "hamɓararwa" ko "kifarwa", kuma suna ɗauke da ma'anar ƙarfi, irin abin da ya sami Diori Hamani a 1974, da Shehu Shagari a ranar ƙarshe ta 1983, da Mohamed Bazoum a watan Yuli na 2023. *Oust* ta fi su faɗi, domin ana iya kawar da mutum da ita ta akwatin zaɓe ko ta kotu ko ta bindiga, don haka dole a karanta sauran labarin kafin a fassara ta. *Unseat* yawanci kayar da mai ci ne a zaɓe. *Usurp* kuma tana kallon abin ta ɓangaren mai ƙwacen, wato wanda ya hau kujerar da ba tasa ba.

Idan ba a sauke mutum ba amma an raba shi da iko, me ake cewa?

Akwai *disempower*, wato karya ƙarfin mutum ko al'umma, da *marginalise* da *sideline*, waɗanda Hausa ta riga ta tanadar musu "mayar da mutum saniyar ware". Idan wasu ikoki na musamman aka cire, akan ce *strip of powers*, kamar yadda gyare-gyaren da suka fara a 1967 suka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun hukumomin En'e na Arewa, sarakuna suka ci gaba da zama a kan gado amma ikon hukunci ya koma hannun gwamnatin jiha da ta tarayya. *Suspend* dakatarwa ce ta ɗan lokaci, kujerar tana nan da sunan mai ita. Wanda yake riƙe da muƙami amma wani ne yake juya al'amura a bayansa ana kiransa *figurehead*, abin da Bahaushe yake cewa shugaban jeka-na-yi-ka ko hoto.